Kyauta, Diyya da Talla: Tarken Taimakon da Kamfanoni ke Bai wa Asibitocin Birnin Kano

1.0 Gabatarwa

Duk wanda ya saba kama tashar rediyo a Kano ya san fasalin labarin da akan bayar ranar da wani kamfani, ko gidauniyar wani attajiri, ta miƙa wa hukuma sabon gini a asibiti. Akan fara da faɗin yawan kuɗin da aikin ya ci, a jero sunayen manyan baƙin da suka halarta, a sako muryar kwamishina yana godiya a madadin gwamnati da jama'a, sa'an nan a rufe da roƙon Allah ya ƙara arziki, sauran masu hali kuma su yi koyi. Daga wannan rana da wuya a sake jin ɗuriyar ginin. Manufar wannan takarda ita ce ta koma wurin bayan an kwashe kujeru an naɗe rumfa, ta duba abin da irin wannan kyauta ta tsinana wa mutumin da aka ce dominsa aka yi ta, watau talakan cikin birni.

Mai yiwuwa wani daga cikin mahalarta ya ce, ina ruwan malamin Hausa da sha'anin asibiti? Amsa ita ce, tarke bai tsaya ga waƙa da zube da wasan kwaikwayo kaɗai ba. Kalma ma abar tarke ce, musamman idan ta zama mayafin da ake lulluɓe abubuwa mabambanta da shi har a kasa rarrabe su. Kalmar da nake nufi a nan ita ce "taimako". Zan yi ƙoƙarin nuna cewa a ƙarƙashinta akwai kyauta ta tsakani da Allah, akwai diyya, akwai talla, akwai kuma haƙƙin da dama can na talaka ne. Zan kuma nuna cewa, a cikin duk abin da masu dukiya suka yi wa lafiyar mutanen Kano a zamaninmu, wanda ya fi cancantar yabo shi ne wanda ba shi da bangon da za a liƙa wa allon suna.

Da na ce birni, ina nufin unguwannin da ke cikin badala, waɗanda a yau suka faɗa cikin ƙananan hukumomin Birni da Dala da Gwale. Zan leƙa wasu asibitoci na wajen badala, saboda mutumin Yakasai ko Madabo ba ya tsayawa a bakin ƙofa idan ciwo ya yi tsanani.

2.0 Wa Ya Gina Asibitin Birni?

Kafin mu shiga gundarin magana ya kamata mu ɗan waiwayi baya. Asibitin da mutanen birni suka fi sani shi ne wanda yake daura da Ƙofar Mata, wanda a da ake kira Asibitin Birni, aka sauya masa suna zuwa Asibitin Murtala bayan kisan Janar Murtala Muhammed a 1976. An kafa shi ne a shekarun 1920, zamanin En'e. Da kuɗin Baitulmali aka yi shi, watau harajin da dagatai da masu unguwanni suka tara daga hannun talakawa, da jangalin da aka karɓa a kan shanun Fulani. Haka ma aikin ruwan famfo da wutar lantarki na Challawa, wanda aka kammala a farkon shekarun 1930. Kamfanonin Turawa da suke sayen gyaɗa da fata a wancan lokaci, tun bayan isowar jirgin ƙasa Kano, ba su suka ɗauki nauyin waɗannan ayyuka ba.

Na kawo wannan ne domin mu san matsayin wanda ake kwantarwa a gadon wannan asibiti. Kakansa ya biya kuɗin tubalin farko, ubansa ya ci gaba da biya har 1979 lokacin da gwamnatin Abubakar Rimi ta soke haraji da jangali, shi kuma yana biyan nasa a yau a kan kusan duk abin da ya saya a kanti. Mai haƙƙi ne ke nan. Amma idan aka saurari jawaban ranar bikin buɗe gini, sai a ɗauka almajiri ne aka yi wa alfarma.

Ba wai Kano ba ta san kyautar masu dukiya ba kafin wannan zamani. Attajiran birni, irin su Alhaji Alhassan Ɗantata na Koki wanda ya rasu a 1955, da fataken goro da suka gabace shi, an san su da ciyar da almajirai, da gina masallaci, da haƙa rijiya, da fitar da zakka, da ɗaukar nauyin maƙwabci idan rashin lafiya ta kwantar da shi. To amma wannan kyauta ce ta ido da ido. Mai bayarwa da mai karɓa a masallaci ɗaya suke salla, idan rijiyar ta rufta kuwa an san ƙofar da za a je a yi sallama. Kamfani wani abu ne dabam. Yana da masu hannun jari da suke jiran riba, yana da ofishin da aikinsa kawai shi ne gyara sunan kamfanin a idon jama'a, yana kuma da hulɗa da gwamnati ta fuskar haraji da lasisi da fili.

Abin da ya ƙara rikitar da lissafin a Kano shi ne, manyan masu bayarwar 'ya'yan gida ne. Alhaji Aliko Ɗangote, wanda ya kafa gidauniyarsa a 1994 ya kuma ware mata dala biliyan 1.25 a 2014, jikan Alhaji Sanusi Ɗantata ne ta wajen uwa. Alhaji Abdussamad Rabi'u na kamfanin BUA, wanda ya kafa tasa gidauniyar a 2021, ɗan Khalifa Isyaku Rabi'u ne. Saboda haka jama'a suna auna kyautarsu da tsohon mudun attajirin unguwa, alhali kuwa dukiyar da tsarin bayar da ita duk sun wuce wannan mudu.

3.0 Yabo Ba Zambo

Tun a 1957 M. G. Smith ya yi nazarin roƙo a ƙasar Hausa, ya nuna yadda maroƙi yake tabbatar da matsayin mai mulki da mai dukiya a bainar jama'a, su kuma su biya shi. A 1974 kuma Kirk-Greene, a laccarsa kan mutumin kirki, ya sa karamci da kunya cikin halayen da Bahaushe yake auna mutum da su. Idan muka haɗa waɗannan biyu za mu gane dalilin da ya sa tarken kyauta yake da nauyi a bakinmu. Wanda ya bayar ya cika sharaɗin karamci. Wanda aka bai wa kuwa kunya ta hana shi ya juya abin ya duba gindinsa, in ma ya ga aibi sai ya haɗiye ya ce da babu gara ba daɗi.

A ganina rahoton ranar biki da na ambata a farko roƙo ne aka sa wa rigar aikin jarida. Tsarinsa ɗaya ne da na maroƙi: a ambaci asali, a kambama yawan abin da aka bayar, a zuga sauran masu hali. Sai dai maroƙin gargajiya ya fi mai rahoton zamani cikar kayan aiki, domin shi yana riƙe da yabo a hannu ɗaya, da zambo da habaici a ɗaya hannun. Attajirin da ya yi alkawarin riga ya saɓa ya san zai ji sunansa a dandali ta wata fuskar. Wannan tsoro shi ne yake tilasta cika alkawari. Mu kuwa mun gaji yabon, mun yar da zambon, shi ya sa za a iya aza harsashin gini da kiɗa da algaita, a yi shekaru ba wanda ya tambayi inda aka kwana.

Ba ina kira a ci mutuncin kowa ba ne. Yabon gwani ya zama dole, kuma zan yi shi a gaba inda ya dace. Abin da nake cewa shi ne, yabon da ba ya iya rarrabe gwani da wanda ba gwani ba, ya tashi daga yabo.

4.0 Abin da Ya Faru a Asibitin Zana

Misali mafi ɗaci na yadda kalmar taimako take ɓoye abin da ke ƙarƙashinta shi ne na 1996. A wannan shekara annobar sanƙarau ta auka wa arewacin Nijeriya, ta kashe fiye da mutum 11,000, ga ƙyanda da amai da gudawa a lokaci guda. Iyaye daga cikin birni da kewayensa suka yi ta kwarara da 'ya'yansu zuwa Asibitin Zana, inda likitocin ƙungiyar MSF suke ba da magani kyauta. Ana cikin haka sai ma'aikatan kamfanin Pfizer na Amurka suka sauka a wannan asibiti da wani sabon magani mai suna Trovan wanda suke son gwadawa. Suka ɗebi yara kimanin 200, aka ba rabi sabon maganin, rabi kuma wani sanannen magani domin a kwatanta. Yara 11 suka rasu, 5 daga kashin farko, 6 daga na biyu, wasu kuma suka tashi da naƙasa.

Kamfanin ya tsaya a kan cewa cutar ce ta kashe yaran, cewa ya sami izini, kuma zuwansa akwai niyyar agaji a ciki. Iyaye da yawa kuwa suka ce ba wanda ya gaya musu gwaji ake yi. Ba aikin wannan takarda ba ne ta yanke hukuncin da kotu ba ta yanke ba. Abin da ya shafe mu shi ne, uwar da ta shiga wannan harabar ta ga Turawa cikin fararen riguna nan da can, ba ta da wata kalma da za ta bambanta masu jinya da masu gwaji. Duk 'yan taimako ne a wurinta.

Labarin bai fito sarari ba sai a ƙarshen shekarar 2000, da wata jaridar Amurka ta tone shi. Gwamnatin Kano ta kai ƙara a 2007, aka sasanta a 2009 a kan dala miliyan 75, ba tare da kamfanin ya amsa laifi ba: miliyan 35 domin waɗanda abin ya shafa, miliyan 30 domin ayyukan lafiya a jihar, miliyan 10 kuɗin shari'a. Sai a 2011, watau shekara 15 bayan aukuwar abin, aka fara biyan iyalai 4 na farko dala 175,000 kowanne, bayan gwajin jini na tabbatar da dangantaka. Daga kason ayyukan lafiya aka gina wata cibiya a Kwanar Dawaki kan hanyar Zariya, wadda ba ta shiga bakin jama'a sosai ba sai a 2020 da aka mayar da ita wurin killace masu cutar korona.

Har yau za ka ji mutane suna kiran wannan gini da sunan kamfanin, kamar dai kyauta ya yi. Ba kyauta ba ce. Kuɗin sulhu ne, wanda a harshenmu ya fi kusa da diyya, diyya kuwa ba a yi wa mai biyanta godiya, ba a kuma yi masa kirari. Sa'an nan a tambaya, me ya sa aka kai ginin can bayan gari, nesa da lungunan da yaran suka fito?

Ɓarnar ba ta tsaya nan ba. A 2003 aka dakatar da allurar rigakafin shan inna a Jihar Kano bisa zargin cewa an gurɓata ta, ba a koma ba sai a watan Yuli na 2004 bayan an samo ruwan allurar daga Indunusiya, a tsakanin nan kuwa cutar ta bazu zuwa ƙasashe da dama da suka riga suka rabu da ita. Dalilan wannan ƙauracewa suna da yawa, akwai na siyasa akwai na addini, amma duk wanda ya zauna a majalisun birni a lokacin ya san cewa labarin Asibitin Zana yana cikin hujjojin da ake kafawa. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma sai ya gudu.

5.0 Gini da Allon Suna

Yanzu bari mu koma ga kyauta ta haƙiƙa, wadda ba kotu ce ta jawo ta ba. Mafi yawanta gini ce ko na'ura. Marigayi Alhaji Aminu Ɗantata ya ba Asibitin Malam Aminu Kano cibiyar wankin ƙoda mai ɗauke da sunan mahaifinsa. Gidauniyar Ɗangote ta ɗauki nauyin babban sashen tiyata da binciken cututtuka a harabar Asibitin Murtala, wanda aka ba da sanarwar zai ci Naira biliyan 7. A 2020, lokacin da mace-mace suka yi yawa a birni har maƙabartu suka shaida, haɗakar kamfanoni ta kafa wurin killace marasa lafiya a filin wasa na Ƙofar Mata. Waɗannan duk abubuwa ne da ake bukata, wanda ya taɓa raka mai ciwon ƙoda Legas ko Ibadan ba zai raina na'urar da aka kawo masa ƙofar gida ba.

To amma gini ba ya jinya. A nan zan nemi izinin shugaban taro in ba da labarin abin da na gani da idona. Wani dare cikin damina naƙuda ta kama matar maƙwabcina. Lungunmu ko a-daidaita-sahu ba ta shiga, sai da aka riƙo ta a kafaɗa ana tsallake kwata har bakin titi. Muka isa wani asibiti, aka shigar da ita wani sabon ɗaki mai kyan gaske, fenti bai ko dushe ba, ga allon dutse a bakin ƙofa ɗauke da sunan wanda ya gina. Kafin mu zauna sai aka miƙo wa mijin takarda: safar hannu, da auduga, da allurai, da ledar ƙarin ruwa, duk ya tsallaka kemis ya sayo. Ungozoma ɗaya ce take kaiwa da komowa tsakanin mata da yawa, wutar lantarki kuma ta ɗauke har sau biyu. Allah ya sauke ta lafiya. Amma kuɗin da ya kashe a wannan dare bashi ne ya ciwo, sai bayan suna da watanni ya gama biya. Kyautar attajiri ta ba ta gado mai kyau, ba ta rage wa mijinta ko kwabo ba.

Wannan ba labarin gida ɗaya ba ne. Fiye da kashi 70 cikin 100 na kuɗin da ake kashewa a kan lafiya a Nijeriya daga aljihun majinyata da danginsu yake fitowa. Ke nan abin da ya tsaya tsakanin talakan birni da magani, mafi yawan lokaci, kuɗin kati ne da na gwaji da na magani da na jini, da kuma ƙarancin ma'aikata. Nisa ba shi ne babban ciwon ba, domin daga Kurmi ko Jakara zuwa Ƙofar Mata tafiyar ƙafa ce. Mai ciwon ƙoda yana bukatar wanki sau 2 ko 3 a mako, kowane wanki kuwa da kuɗinsa, kayan aikin kuma daga waje ake shigo da su. A 2015 dala ɗaya tana wajen Naira 200, a 2024 ta haura Naira 1,500. Na'urar da aka bayar kyauta sau ɗaya, abincinta kullum sai an saya da wannan dala. Ranar da ta lalace kuma, wa zai kawo mai gyara, daga wane asusu?

Me ya sa kamfanoni suka fi son gini? Ba sai an yi dogon bincike ba. Gini yana ɗaukar hoto, yana ɗaukar suna, ana kuma gama shi a wanke hannu. Ba wanda zai liƙa allon suna a kan albashin ungozoma, ko man janareta, ko yashe magudanar ruwa. Alhali kuwa mafi yawan abin da yake kai mutanen birni asibiti, watau zazzaɓin cizon sauro da taifot da gudawa, daga kwatoci da ruwan da ya kwanta da ruwan 'yan garuwa wanda ba a san rijiyarsa ba suke tasowa. Ita ma gwamnati ginin ya yi mata daɗi, domin za a buɗe shi a zamaninta a lissafa shi cikin ayyukanta, ya kuma rufe bakin mai tambayar ina aka kwana game da alkawarin Abuja na 2001, inda shugabannin Afirka suka amince su ware kashi 15 cikin 100 na kasafin kuɗinsu domin lafiya. Asibitin yara na Hasiya Bayero, wanda yake tsakiyar birni kusa da gidan Sarki, ya ishe mu misali: gininsa yana nan tsaye amma ya yi zaman rufe, sai a 2023 aka sake buɗe shi.

Abin mamaki shi ne, maganin wannan matsala yana cikin al'adar da muka gada. Lokacin da Sarkin Masar Ƙalawun ya gina babban asibitinsa a Alƙahira wajen 1284, bai tsaya ga gini ba, ya haɗa shi da hubusi, watau kadarorin da kuɗin shigarsu zai riƙa biyan likitoci da magani da abincin majinyata, shi ya sa asibitin ya yi ɗaruruwan shekaru yana aiki. Malamanmu sun san babin hubusi a littattafan fiƙihun da ake karantawa a zaurukan Madabo, Jihar Kano ma ta kafa Hukumar Zakka da Hubusi tun 2003. Attajirin da yake da rumfuna a Kantin Kwari ko Singa, da zai tsayar da hayar jeri ɗaya a kan ɗakin haihuwa na Marmara ko na Jakara har abada, da ya yi abin da ya fi sabon bene amfani, ko da yake ba za a kira gwamna ya yanke kirtani ba. Ana yawan kiran waɗannan gine-gine sadaka mai gudana. Sharaɗin wannan suna kuwa shi ne gudanar.

6.0 Kyautar da Ba Ta da Bango

A ƙarshen 2012, zamanin Gwamna Rabi'u Musa Kwankwaso, Gwamnatin Kano da Gidauniyar Ɗangote da Gidauniyar Bill da Melinda Gates suka sa hannu a kan wata yarjejeniya game da allurar rigakafin yara ta yau da kullum. Wannan ita ce kyautar da na ce ta fi cancantar yabo, zan kuma faɗi dalilina.

Ba a gina wani abin a-zo-a-gani ba. An buɗe asusu ɗaya ne wanda kowane ɓangare zai zuba nasa kason, da sharaɗin cewa a shekarar farko gidauniyoyin za su ɗauki kaso mafi tsoka, kowace shekara nasu yana raguwa na gwamnati yana ƙaruwa, har nauyin ya koma kan mai shi. Kuɗin kuwa ya tafi ne ga abubuwan da ba a yi musu biki: firij mai aiki da hasken rana domin kada ruwan allura ya lalace, motar da za ta kai shi har asibitin sha-ka-tafi maimakon ma'aikaci ya rufe asibiti ya tafi ɗauko shi da kuɗin aljihunsa, kuɗin fita unguwanni, da bin diddigin lissafi. Daga lokaci zuwa lokaci kuma akan zauna, gwamna da masu gidauniyoyin da kansu, a duba abin da aka yi alkawari da abin da aka cika. An kuma jawo masarauta cikin aikin, aka ɗora wa masu unguwanni rubuta sunan duk jaririn da aka haifa, da taimakon wanzamai da ungozomomin gargajiya, waɗanda dama ba a haihuwa ko suna ba da saninsu ba.

Idan muka auna wannan da abin da ya gabata za mu ga bambanci ta fuskoki da dama. Mai bayarwa a nan ya yi amfani da nauyinsa ya tilasta wa gwamnati ta sauke nata nauyin, maimakon ya ɗauke mata shi. Ya yarda a auna shi da adadin yaran da aka yi wa allura. Ya bi ta hannun mutanen da uwa ta riga ta amince da su, wanda shi ne ainihin abin da aka rasa a 1996. Kuma an yi aikin a lokaci mai hatsari, domin a watan Fabrairu na 2013 'yan bindiga suka kashe ma'aikatan rigakafi 9 a Kano, yawancinsu mata. Duk da haka, yaro na ƙarshe da ainihin ƙwayar shan inna ta kama a Jihar Kano an same shi ne a Sumaila a watan Yuli na 2014, a watan Agusta na 2020 kuma aka tabbatar da cewa nahiyar Afirka ta rabu da wannan ƙwaya. Ba yarjejeniyar kaɗai ta yi wannan ba, akwai hukumomin duniya da dubban mata masu bi gida gida, amma tana da kaso a ciki. An kuma kwaikwayi tsarinta a Bauchi da Borno da Yobe da Kaduna da Sakkwato.

Gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba, don haka ita ma sai mun juya ta mun duba. Da farko, shan inna cuta ce da manyan ƙasashe da gidauniyoyinsu suka ƙudura kawar da ita daga duniya, saboda haka zaɓin abin da za a fi ba ƙarfi bai taso daga lungunan birni ba. Tambayar da iyaye mata suka yi ta yi wa masu ɗigon allura tana nan ba a amsa ta sosai ba: me ya sa ake biyo mu har ɗaka da maganin cutar da ba mu cika gani ba, amma idan zazzaɓi ya kama yaro sai mun saya? Wannan tambaya ce ta mai hankali, bai kamata a kira ta jahilci ba. Na biyu, sakamakon bai kai yadda aka so ba. Binciken ƙasa na 2016 zuwa 2017 ya nuna yaro 1 ne kawai cikin 3 a Nijeriya ya sami cikakkiyar allurar nan mai haɗe da magunguna biyar, Kano kuwa tana ƙasa da wannan. Na uku, akwai abin dubawa a ce sai attajiri ya zauna a gaban gwamna kafin a saki kuɗin allurar 'ya'yan talakawa, alhali majalisar dokoki da aka zaɓa domin wannan aiki tana nan.

Hujja mafi ƙarfi ta zo ne daga ƙarshen 2022 zuwa 2023, lokacin da cutar mashaƙo ta ɓarke, Kano ta zama cibiyarta, mafi yawan waɗanda suka kamu a duk faɗin ƙasar daga nan suke. Mashaƙo yana cikin cututtukan da allurar nan mai haɗe da magunguna biyar take karewa, yawancin yaran da ya kama kuwa ba a yi musu ita cikakkiya ba. An keɓe musu wuri a Asibitin Murtala da Asibitin Zana, likitocin MSF suka sake dawowa wannan harabar da suka yi aiki a 1996. Shekara 10 ke nan bayan sa hannu a kan yarjejeniyar. Da yawa daga cikin waɗannan yara an haife su ne a zamanin da ya kamata a ce sunansu ya shiga littafin mai unguwa, an kuma bi su gida idan ba a kawo su ba.

Waɗannan littattafai suna nan a zaurukan masu unguwanni na Birni da Dala da Gwale, wasu ana ci gaba da cika su, wasu mai yiwuwa an ajiye. Ina ba sassan Hausa na kwalejojinmu shawara, ɗaliban da muke turawa kowace shekara su tattaro waƙoƙin daɓe da tatsuniyoyi, a tura wasunsu da izinin hakimai su zauna da masu unguwanni da wanzamai da ungozomomi, su rubuto da Hausa yadda aikin ya gudana, da shekarar da ya yi rauni a kowace unguwa, da abin da iyaye mata suka ce ya hana su komawa allura ta biyu da ta uku.